Tabon da Ba Duka Ba Ne

Assalamu alaikum. Shekara guda da rabi kun ji ni shiru. Wasu sun ce na ƙaura daga Tudun Wada, wasu sun ce aurena ne ya mutu. Asibiti nake.

Da kasala abin ya fara. Ina ɗinki, sai ƙafata ta kasa taka keken. A kemis aka ce maleriya, daga baya aka ce taifod. Wata biyu ina shan magani.

Sai wasu baƙaƙen tabo suka fito min a hannu da cinya. Yaya Sani, wanda nake bi, ya gani ya tsare maigidana a ƙofar gida: "Dukanta kake yi?" Mutumin da ko tsawa bai taɓa yi min ba. Ya sunkuyar da kai kawai.

Ranar da dasashina ya yi ta zubar da jini ya ƙi tsayawa, aka kai ni asibitin koyarwa. Suka ɗibi jini, sannan suka soka allura a ƙashin ƙuguna suka zuƙo ɓargo. Na haihu sau biyu, amma ranar na yi ihun da ban taɓa yi ba.

Likita ta ce, "Malama Zuwaira, sankarar jini ce, AML ake kiranta. Tana da sauri. Ba za ki koma gida yau ba."

Kemo, maganin sankarar da ake ɗura min, ya kwashe gashina. Bakina ya cika da gyambo, ko kunu ba ya wucewa. Aka hana 'ya'yana zuwa kusa da ni, don mura kaɗai na iya kashe ni. Muka sayar da fili da kekunan ɗinkina.

A gadon kusa da ni akwai Mama Rahila, malamar firamare, ciwonmu ɗaya. Ita ke ce min, "Ƙanwata, daure ki haɗiye ko cokali ɗaya." Wata Talata da safe aka naɗe katifarta. Ta rasu.

Yaya Sani ya zo ba da jini ya tarar da maigidana a layi. Ya riƙe hannunsa ya ce, "Ka yafe min." Suka yi ta kuka.

Yanzu an ce ba a ga cutar a ɓargona ba. Ba a ce ta tafi har abada ba. Har yanzu ina komawa gwaji.

Alhamdulillahi. Na gode wa likitoci da nas-nas da maƙwabta.

Don Allah, in zazzaɓi ya ƙi jin magani, ko kun ga tabo ba dalili, ko jini daga hanci ko dasashi, ku bar kemis ku je asibiti a ƙirga ƙwayoyin jininku.

Masu lafiya kuma ku je ku ba da jini. Da jinin mutanen da ban san ko sunansu ba nake rubuta muku wannan.