Gansakukar Teku a Ɗakin Inna

Shekarar da yajin aikin jami'a ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, na dawo gida Daura da kwalabe goma sha biyu na koren ruwa a cikin kwali. Gansakukar teku ce, mai ƙananan ƙwayoyin da ido ba ya gani. Malamin da ke duba aikina na digiri na biyu da ƙyar ya samo irin daga Legas. Ranar da za a kulle ɗakin gwaji ya ce, "Ki tafi da su gida. In suka mutu, babu inda zan samo miki wasu." Shekara biyu ke nan ina kan aikin.

Abin da nake bincike shi ne man da gansakukar ke tarawa a jikinta. In aka rage mata sinadarin naitirojin, sai ta rage hayayyafa ta koma tara mai. In zafi ya yi yawa, man mai amfani ya ragu, daga nan ita ma ta mutu. Tana son ruwan gishiri, da haske daidai gwargwado, da iskar da ɗan famfo ke hura mata. Ni kuwa a tsakiyar bazara na kawo ta.

Sati na farko kwalabe uku suka yi fari fat. Wuta ba ta zama, famfon kuma ba ya aiki sai da ita. Na wuni ina girgiza kwalabe da hannu, har tuwo na bari ya ƙone. Na je wajen wani Ibo mai shagon kayan gyaran mota na yi masa bayani. Bai gane ba, amma ya ara mini tsohon batir. "Malama, kar ki yi kuka a shagona," in ji shi. Duk da haka biyu suka sake tafiya.

Sai abincinsu da na haɗo daga makaranta ya ƙare. Kawuna manomi ne a Sandamu, na roƙe shi takin zamani. Ba ni da ma'auni mai kyau, na kintata da cokalin shayi na zuba wa kwalabe biyar. Washegari ƙwayoyin duk biyar ɗin sun kwanta a gindin kwalba, suna wari. Da hannuna na kashe su. Na zauna a tsakar gida na kasa tashi, har la'asar ta kusa wuce ni.

Inna ta tsaya a kaina. "Me suke so ne, tsakani da Allah?"

"Sanyi, Inna. Ni ban san inda zan samo shi ba."

Ta kwashe biyun da suka rage ta kai ɗakinta, ta binne gindinsu a jiƙaƙƙen yashin da randarta ke kai, kusa da taga. Kullum tana yayyafa wa yashin ruwa. Ni kuma na daina saka musu komai sai ruwan gishirin da na tafasa. Sun koɗe, amma ba su mutu ba.

Da aka janye yajin aiki na rungumo su a mota har makaranta. Malam ya ɗiga ɗigo ɗaya daga kwalbar farko a ƙarƙashin madubin duba ƙwayoyi, ya daɗe yana dubawa.

"Wannan ba tamu ba ce," ya ce. "Wata ƙwayar daban ce ta shiga ta cinye ta."

Ta biyun tana da rai, amma ƙwayoyin kaɗan ne. Sai da na yi wata huɗu ina renonta kafin ta isa a fara gwaji. Abokan karatuna suka gama suka bar ni, na ƙara shekara guda.