Garwashin Inna Sidonie

Shekarar da yaƙin Hitila ya tsare jiragen ruwa, tsibirinmu na Marie-Galante ya rasa fulawa, ya rasa sabulu, a ƙarshe har ashana. Aka koyi tsaga ƙwara ɗaya gida huɗu, har aka rasa abin tsagawar. Daga nan wutar unguwa ta koma murhun Inna Sidonie mai wainar rogo, wadda Allah bai ba tsawo ba amma Ya biya ta da baki. Idan wutarta ta mutu, to, gidaje talatin sai cin ɗanye.

Kullum safe mata na zuwa da ƙoƙon kwakwa ɗibar garwashi, ta ba su, ta haɗa musu da gori kyauta. Mijinta Télesphore kuwa zaman kashe wando yake, tun da jandarma, ɗan sandan Faransa, ya ƙwace kwalekwalensa don kada samari su tsere tsibirin Dominika shiga soja. Filafili kawai aka bar masa, kullum yana shafe shi da man kwakwa. Yakan ce matarsa ta fi kula da kututturen murhu a kansa. Takan ce kututturen ai yana da amfani.

Wata azahar guguwa ta taso daga teku, ta ɗauke rufin madafa kamar hula. Sidonie ta kwashe garwashi da hannu cikin tukunyar ƙarfe, ta shige ƙarƙashin tebur, ta kife a kanta. Itace duk ya jiƙe. Ta ciyar da wutar kujera, sannan muciya, sannan ta dubi filafili.

"Kada ki soma, Sidonie."

"Miƙo, maigida. Tudu za ka tuƙa?"

Ya miƙa, yana kallon bango.

Da gari ya waye layi har bakin titi, a ƙarshensa ga jandarma riƙe da gwangwani, gashin bakinsa ya langaɓe. Sidonie ta zuba masa garwashi da ƙonannen hannunta mai naɗe da tsumma.

"Ranka ya daɗe, a nan ba a hana wuta, ko ga wanda ya hana kifi."

Kwalekwalen dai bai dawo ba sai da jirage suka dawo. Wutar kuwa ba ta mutu ko sau ɗaya ba. Ranar da aka kawo wa Sidonie kwalin ashana na farko, ta juya shi a tafinta mai tabo, ta ce a kai wa masu buƙata.