Hannun Gwaggo Tabawa a jikin ƙarfe

Shekara shida ke nan da rasuwar Gwaggo Tabawa, ƙanwar babana, kuma har yau mutanen Ɗanzomo na cewa safar hannun nan mai wayoyi ce ta shanye mata jini. Ba haka ba ne. Hawan jini ya kashe ta, ni na yi jinyarta a Gumel.

Ga yadda aka yi. Wani ƙanin Malam Bulus maƙwabcinmu, mai karatun injiniya a ƙasar waje, ya zo hutu ya ga tana saƙar faifai. Ya roƙe ta ta sa safar ta yi ta saƙa, na'urarsa na ɗaukar motsin kowane yatsa. Wai da maimaicin ne hannun mutum-mutumi zai koya. Kwana tara tana yi tana tsokanarsa: "Ɗan nan, in ƙarfen naka ya iya, ka ce ya zo ya gaishe ni, ni ce uwar ɗakinsa."

Watan jiya ya aiko da kaset ɗin bidiyo. Muka taru a falon Malam Bulus, sai ga hannun ƙarfe, babu jiki babu fuska, yana lanƙwasa kaba. Gwaggo ta taɓa karya ƙaramin yatsanta tana yarinya, shi ya sa take ɗage shi kafin ta ja zare. Wallahi ƙarfen nan ma sai da ya ɗage nasa. Shi da bai taɓa karyewa ba! Na fita da gudu, takalmana ma can na bar su.

Da tana raye na san dariya za ta yi, ta ce jansa bai yi ƙarfi ba. Ni kam tsoro nake ji, kuma ba na aljanu ba. Sau nawa ta ce, "'Yar boko, zo ki zauna ki ga yadda ake fara gindin faifai," ni kuma in ce ba ni da lokaci? Yau a duk zuriyarmu babu mai hannunta. Abin da ya saura nata yana jikin abin da bai san sunanta ba, ba zai kuma yi mata addu'a ba.

Akwai tsohuwa ɗaya a Gagarawa da suka koyi saƙa tare da Gwaggo, an ce idonta ya fara rauni. Na sayi kaba. Ranar Asabar motar farko zan hau.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya sa ta huta.