Waƙar Tsutsa Ta Ci Gasar Wata

Har gobe ban manta da ranar da aka tara mu a ofishin shiyya aka yi mana albishir cewa zamani ya iso aikin gona ba. Na ga ku sababbin malaman gona kowa ya sunkuyar da kai yana shafa waya. To ku ɗan ɗago, labarin ma na wayar ne.

Lokacin ina malamin gona, ina kula da wasu ƙauyuka tsakanin Ɗambatta da Kunci. Ga wanda bai san tsarinmu ba, malamin gona shi ne na can ƙasa, shi ke shiga gona. A samansa akwai mai duba aiki, a saman wannan kuma shugaban shiyya, wanda yawanci rabonsa da taka gona tun yana ɗalibi. Aikinmu a da zagaye ne. Ka hau babur, ka iske manomi a gonarsa, ka duƙa ka duba ganye, ka faɗa masa abin yi. A farkon wata damina sai shugabanmu, Alhaji Tijjani, ya dawo daga taron bita a birni da sabuwar hikima. Ya ce yawon babur ɓarnar mai ne. Aka karɓe baburan aka kulle a sito, aka ce kowannenmu ya buɗe wa manomansa guruf a waya, ya zauna a ofis ya riƙa tura musu ilimi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, da yawan manomana wayarsu mai tocila ce, wasu ma ba su da ita sam."

Ya ce, "Malam Habu, irinku ne masu ja da ci gaba. 'Ya'yansu ba su da waya? Maƙwabtansu fa? Kai dai tura, saƙo zai kai kansa."

Na buɗe guruf. Da yake Ɗanladi mai caji na Unguwar Kanya shi ya san lambar kowa, don duk wayar yankin a rumfarsa take kwana, sai na ba shi ragamar saka mutane. Makon farko aka yi ta gaishe-gaishe da addu'ar samun damina mai albarka. Mako na biyu wani ya turo waƙa, ya ce a yi haƙuri kuskure ne. Kafin wata ya ƙare kuskuren ya zama manufa. Ɗanladi ya naɗa kansa Sarkin Kunne, ya kafa doka: duk ƙarshen wata kowa ya kawo sabuwar waƙar da ya tsinto, a saurara, a yi muhawara, a zaɓi gwana. Wanda ya kawo tsohuwar waƙa ya ce sabuwa ce, a fitar da shi daga guruf na ɗan lokaci ya je ya yi nazari.

Ku zo ku ga ilimi. Mutanen da na shekara ina roƙo su bar taku ɗaya tsakanin shuka da shuka suka kasa, su ne yanzu ke bambance muryar da inji ya gyara da ta Allah da Annabi. Masu son bege na gefe, masu waƙar soyayya na gefe, 'yan waƙar siyasa kuwa kowa na jira su yi magana a yi musu ca. Wani magidanci da bai taɓa amsa mini tambaya kan taki ba ya yi jawabin murya mai tsawon huɗuba kan dalilin da ya sa kiɗan wata waƙa ya fi baitinta. Ni kuwa in na turo bayanin lokacin zuba taki, sai a ce, "Allah ya saka, Malam," a dawo kan abin da ya fi muhimmanci.

A cikin manomana akwai Baba Idi, dattijo, ba shi da waya kuma bai taɓa sha'awar ta ba. Irin manomin da kowane malamin gona ke roƙon Allah ya ba shi ne. In ka ce ya yi, ya yi. In ka ce ya bari, ya bari. A shekarar, bisa shawarata, ya shuka sabon irin masara mai saurin nuna a duk gonarsa ta bayan gida. Ita ce za ta riƙe gidan a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa gero kuma bai nuna ba. Gida ne mai baki da yawa, ga iyalin ɗansa da ya rasu duk suna wuyansa.

A watan Yuli, masara ta kai gwiwa, sai labari ya iso ofis cewa tsutsa ta ɓulla. Ku da za ku shiga gona ku riƙe wannan: tsutsar nan tana ɓuya ne a zuciyar masara, inda sabon ganye ke fitowa. Alamarta ganye mai huji-huji da kashi kamar dusar katako. In an fesa magani cikin zuciyar da sanyin safiya ko da yamma tun tana ƙarama, an gama da ita. In ta girma ta nutse ciki, sai dai a yi wa mai gona jaje.

Na rubuta gargaɗi na tura. Na yi na murya na tura. Na sa hoto. Sai dai na yi rashin sa'a, ƙarshen wata ya gabato, gasa ta yi zafi. Duk saƙon da na tura, kafin a jima waƙoƙi sun binne shi. Mutum ɗaya ne ya tanka, shi ma cewa ya yi, "Malam, don Allah a bari mu gama zaɓe."

Na koma wurin Alhaji Tijjani na roƙi a ba ni babur ko na mako guda ne.

Ya ce, "Ka ce waƙa suke so? To ka ba su waƙa mana! Wannan shi ake kira tafiya da zamani. Ni sai na yi muku tunanin komai?"

Umarnin na gaba ne, na bi. Akwai wani tela a Ɗambatta, Badamasi, da ke taɓa waƙa in ɗinki ya yi sauƙi. Na zayyana masa bayanin kaf, ya shiga ɗakin naɗar murya ya fito da abinsa. Kuma tsakani da Allah yaron ya iya. Amshin na cewa:

"Manomi leƙa zuciyar masara,
Baƙuwa ta sauka ba sallama,
Fesa da safe, fesa da yamma."

Babu abin da ya bari, har yadda ake auna magani a famfon feshi ya saka a baiti. Na tura a guruf a matsayin waƙar da na tsinto a watan. Ranar ce karon farko da aka kula ni da gaske a gidan da ni na gina. Sarkin Kunne da kansa ya ce ashe Malam yana da kunne. Aka yi ta muhawara ko gangar ta yi sauri, ko Badamasi ya ja "yamma" fiye da kima. Masu bege suka ce ba laifi tunda babu batsa. Ranar zaɓe waƙar tsutsa ta yi wa sauran fintinkau. Aka kunna ta a wurin mai shayi, aka kunna a motocin Kano, har a wani biki an ce mata sun taka rawa da ita.

Hankalina dai yana kan Baba Idi. Na kira Ɗanladi na ce don girman Allah ya taka ya isar masa da saƙo. Washegari ya ce, "Malam, kwantar da hankalinka. Da kaina na je. An isar."

A taron wata na ofis, Alhaji Tijjani ya sa aka kunna waƙar a lasifika, ya umarci a yi tafi. Ya bayyana wa baƙin da suka zo daga hedikwata yadda dabarar ta zo masa. Aka ce in miƙe a gan ni, na miƙe. Babu wanda ya tambayi gona nawa aka fesa, ni ma ban sani ba, tunda daga kan kujera ba a hango zuciyar masara.

Ranar Asabar da ba aiki na hau motar haya, na ƙarasa da ɗan acaɓa har Unguwar Kanya. Tun daga bakin hanya na fara ganin ɓarnar. Ganyen masara duk ya zama kamar rariya. 'Yan kaɗan sun fesa, yawancinsu waɗanda dama can sun saba. Na tsaya a rumfar caji na tambayi Ɗanladi me ya faɗa wa Baba Idi.

Ya ce, "Faɗa kuma? Ai kunna masa na yi, har ya ce in maimaita. Ya ji daɗinta sosai."

"Kai taka gonar fa, ka fesa?"

Ya sosa ƙeya. "Wallahi Malam hidimar zaɓen nan ce ta sha kaina. Amma na haddace ta tas."

Na iske Baba Idi a tsakiyar gonarsa, yana bi yana buɗa zuciyar masara ɗaya bayan ɗaya, ko zai dace da wadda ta tsira. Tsutsotsin sun yi ƙiba sun nutse, babu maganin da zai kai gare su. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi hanya, bai nuna mini fushi ko kaɗan ba. Da ma ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Na ce, "Baba, ba a kawo maka saƙona ba?"

Ya ce, "An kawo mini waƙa, Malam, kuma ta yi daɗi, Allah ya yi wa yaron albarka. To amma mawaƙi ai ba abin da ba ya faɗa. Jiya ya ce yarinya ta fi wata haske, yau ya ce ɗan takara zai kawo mana kwalta. Wa ke ɗaukar famfo don mawaƙi ya ce? Na ga hujin a ganye, na ce in abin na tsoro ne Malam Habu zai zo da kansa, bai taɓa ƙin zuwa ba. Kullum in na ji ƙarar babur sai in fito bakin gona."

 Na tsuguna muka ci gaba da buɗa masarar tare, ni da shi mun san aikin banza muke yi. Baƙin cikin da na ji a gonar nan ban taɓa jin irinsa a aikin gwamnati ba. A daminar sai da ya sayar da awakin gidan kafin gero ya nuna.

Na rubuta rahoto na kai ofis. Alhaji Tijjani ya karanta ya ce matsalar manomanmu ita ce ƙarancin wayewa, kuma baɗi za a yi waƙar da bidiyo. Guruf yana nan har yau, an ce ma ya bunƙasa, har daga wasu garuruwa ake shiga.

Abin da nake so ku ɗauka shi ne wannan. Mutanenmu ba kurame ba ne, sun fi mu kunne, kuma duk abin da ka tura musu za su ji, su yaba, har su ba shi lambar yabo. Amma manomi ba ya taɓa abincin gidansa don ya ji murya a waya. Yana taɓawa ne in mutumin da ya sani ya tsaya a gonarsa, ya buɗa ganye ya nuna masa da yatsa. Za a ba ku waya, a ba ku guruf, a ce kun isa ko'ina. Ku karɓa ku yi godiya. Sannan ku nemi abin hawa ku tafi, domin a kowane ƙauye akwai dattijon da ke tsaye a bakin gona yana sauraron ƙarar babur.