Taisto da Rigar da Ta Sha Ruwa

Shekara talatin da takwas Taisto Rautiainen ya yi yana duba katako a injin yankan itace na garinmu. Falanki zai zo gabansa, ya shafa shi da tafin hannu, ya juya shi, ya ɗiga masa alli: wannan ya wuce, wannan ya koma. Masu injin sun sha roƙonsa ya riƙa sassautawa, ya yi kunnen uwar shegu da su. Da aka rufe wurin sai ya dawo gida da halinsa cif, ya ci gaba da duba komai kamar falanki. Burodi, takalmi, wa'azin fasto, babu wanda ya tsira daga allinsa.

Ni sunana Raili. Shinge ɗaya ya raba gidana da nasu a bakin tafki, kuma matarsa Orvokki ƙawata ce tun muna 'yan mata. A gidan waya na yi aiki har na yi ritaya, shi ya sa duk wata takarda ko saƙo mai wuyar sha'ani wurina ake kawowa. Ina ƙaunar mutumin nan, amma akwai ranakun da nake ji kamar in ƙwala masa butar kofi a ka. Da na san inda maganar za ta kai mu a watan Maris ɗin bara, da na ƙwala masa ɗin, ya kwanta jinya mako guda.

Daga ranar da tafki ya daskare har ranar da ya narke, a kan ƙanƙara za ka sami Taisto. Ya huda rami, ya zauna a kan akwatinsa, ya saki ƙugiya, shi ke nan sai yamma. Duk mai wannan kamun kifi yana da rigarsa mai haɗe da wando, da soso ɗinke a cikinta, wadda in ƙanƙara ta fashe da kai za ta riƙe ka a saman ruwa har ka ja jikinka ka fito. Tasa ta yi shekara ashirin, ta mutu murus. A birni sabuwa Yuro ɗari uku ce. Sai ya hango wata a intanet, ja jawur, tamanin da tara.

"Araha ba ta ado, tsoho," in ji Orvokki.

"Ado zan je yi a tafkin ko kamun kifi?"

Ranar farko da ya sa ta, ya durƙusa a bakin raminsa, ruwan da ke kwance a kan ƙanƙara ya ratso ta gwiwa har cikin safarsa. Da yamma ya shigo kicin ɗina ya shimfiɗa rigar a kan tebur, yana matsa ta gaɓa-gaɓa da yatsa.

"Taɓa nan. Soso ne wannan? Wannan ko ɗan kyanwa ba zai riƙe ba. Rubuta musu, Raili."

Na rubuta. Washegari amsa ta zo da daɗin baki kamar zuma, wata Lili ce ta sa hannu. Wai sun yi baƙin ciki ƙwarai, a turo musu hoton rigar. Muka tura. Wani Maks ya amsa cewa a hoton rigar lafiyarta ƙalau. Muka sake rubutawa, wata Nina ta ce ya riƙe rigar, za su ba shi Yuro goma sha biyar ya share hawaye. Kullum sabon suna, kullum magana ɗaya, kuma babu lambar da za ka kira ka ji muryar ɗan Adam.

"Karɓi abinka ka huta," na ce masa.

"Bara na je yi? Ba kuɗin ba ne. Suna nan suna sayar da ita. Wani zai saya, ya yarda da ita, ya hau ƙanƙara da ɗansa. Sai sun rubuta da hannunsu cewa ba ta da kyau."

Gaskiyarsa ce. Abin da ke ba ni haushi da Taisto ke nan, taurin kansa kullum da gaskiya a gindinsa.

Saƙo na bakwai ne ya faɗar mini da gaba. Suka ce ba za su karɓi ƙorafin ba sai da bidiyo mai nuna rigar ta gaza a wurin aikin da aka yi ta dominsa, kuma kafin cikar kwana talatin da saye. Saura kwana huɗu. Na karanta masa, ya juya yana kallon tafki ta taga.

"A'a," na ce. "Ko da wasa. Mu cika bahon wanki da ruwa, mu dulmiya ta, mu ɗauka."

"A wurin aikinta suka ce. A baho ake kama kifi?"

"To mu je ramin gari."

Ramin gari shi ne wanda ake fasawa a ƙanƙara kusa da sauna, ɗakin gumin da muke taruwa kowace Asabar. Akwai tsani, akwai ƙarfen riƙewa, akwai mutane. Nan ya murtuke fuska.

"Don su Kauko, 'yan zaman sauna, su gan ni cikin jar rigar banza, su san an damfare ni? Ni da na yi shekara talatin da takwas ina kama ha'incin wasu? Har in mutu ba za su daina mini dariya ba."

Orvokki da ta ji, ta ajiye saƙar da take yi. Ƙugunta ya daɗe yana damunta, da kyar take zagaya gida, amma bakinta lafiya lau.

"Tsufa ya fara taɓa maka kai ne?"

"Tun ina shekara goma sha biyu nake shiga ruwan ƙanƙara duk mako. Yau ne zai cinye ni?"

"Tsirara kake shiga, jikinka na tururi, hannunka a kan tsani, ka ƙirga goma ka fito. Sabo da kaza ba ya hana a yanka ta, Taisto. Ni dai ba da hannuna ba."

"Ban ce ki riƙe mini waya ba. Raili za ta riƙe."

Na ce ba zan riƙe ba. Ya ce to ba komai, zai jingine wayar a jikin akwatinsa ya yi shi kaɗai. Ya faɗe ta a sanyaye, kamar mai cewa zai je sayen madara, kuma mu duka mun san zai aikata. Orvokki ta dube ni, na dube ta. Na ga gara a ce akwai mutum a wurin.

Ranar Alhamis da hantsi muka fita. Rana ta fito tas, irin ranar ƙarshen Maris mai cin ƙanƙara ta sama da ƙasa. Farin da muka saba gani ya koma toka-toka, wani wurin har baƙi, ruwa kwance a kai yana jiƙa takalmi. Lokaci-lokaci tafkin yakan yi wani dogon gurnani a ƙarƙashin ƙafafunmu. Na ji wannan ƙarar sau dubu a rayuwata, amma ranar kowace ɗaya sai da ta tsinka mini zuciya. Babu kowa a kan tafkin sai mu. Ya ja mu har bayan tsibiri, inda ba a hango mu daga kowace taga.

Ya yanka rami da zarto, faɗinsa kamar ƙofar ɗaki. Ruwan ciki baƙi ƙirin. Ya rataya tsinkunansa a wuya, 'yan sanduna biyu masu ƙusa a baki da ake caka wa ƙanƙara a jawo jiki waje. Ya ajiye naɗin igiya kusa da ƙafata.

"Wannan don hankalinki ya kwanta ne."

"Ɗaura ta a ƙugunka mana."

"Su ce igiya ce ta ja ni ƙasa? Na san irinsu. Matsa baya. Ki riƙe wayar da hannu biyu, kada ta yi rawa. Kada ki yi magana, kada ki tsayar sai na ce ki tsayar. Kin ji?"

"Na ji, ranka ya daɗe."

Ya tsaya ƙyam a gaban wayar. Ya faɗi sunansa, da kwanan wata, da lambar odarsa, ya juya ya nuna tambarin rigar. Sannan ya zauna a bakin ramin ya zame ciki.

Da farko rigar ta kumbura da iska ta ɗago shi, har na ji sanyi a raina. Sai kumfa ya fara fita ta wuya da ta hannuwa, buɗ-buɗ-buɗ, jan yadin ya lafe a jikinsa. Ruwa ya kai masa ƙirji, ya kai kafaɗa. Ya dubi wayar.

"Kun gani," ya ce, muryarsa a shaƙe. "Tana sha."

Ya ciro tsinkunan ya caka, ya ja. Ƙirjinsa ya hau, sai bakin ƙanƙarar ya ɓalle da shi ya koma. Ya matsa gefe ya sake cakawa, ya ja, ya ɗago kaɗan, nauyin ruwan da ya cika rigar ya mayar da shi. Daga nan bai sake ja ba. Ya tsaya a haka, hannuwa biyu a kan tsinkuna, haɓarsa a bakin ƙanƙara, yana kallona.

A wurinmu in ka ga motar namiji ta maƙale a dusar ƙanƙara, tsayawa kake daga nesa ka jira ya ɗaga maka hannu. In ka ruga tun bai nema ba, ka ci mutuncinsa. Da haka aka raine ni, da haka aka raine shi. Na ce a raina hutawa yake yi. Na ce nuna musu yake yi yadda rigar ke hana mutum fita. Na ce Taisto ne fa, in yana buƙatata zai faɗa. Na riƙe wayar da hannu biyu, ba ta yi rawa ko kaɗan ba.

Sai da na ga hannunsa na hagu ya saki tsinke ya zame cikin ruwa sannan na yar da wayar. Na jefa masa igiya, ta faɗi a kan kafaɗarsa, yatsunsa suka kasa kamawa. Na kwanta rubda ciki na ja jiki har bakin ramin, na zarga igiyar a hammatarsa, na ja. Kamar in ja gida. Ina ihu, ina zaginsa, ina kiran sunansa, bai ce mini uffan ba. Abin da na iya shi ne in hana kansa nitsewa, in lalubo tawa wayar in kira 'yan kwana-kwana. Sun yi minti ashirin da biyar kafin su iso, maza uku suka taru suka ciro shi, sai da suka tsaga rigar ruwa ya zube. Zuciyarsa ta tsaya a cikin motar asibiti, tun ba su fita daga hanyar daji ba.

Ran Asabar, kwana na ƙarshe na wa'adin, Orvokki ta aiko a kira ni. 'Yan sanda sun dawo mata da wayarsa. Tana zaune a kicin, ta tura mini ita a kan tebur.

"Tura musu."

"Orvokki, don Allah."

"Don bidiyon nan ya shiga ruwan. Tura musu."

Na tura ba tare da na buɗe ba. Ko kofinmu bai huce ba amsa ta shigo, wannan karon wani Tomi ne. An amince da ƙorafin, za a mayar da kuɗin gaba ɗaya, ga kuma ragin kashi goma cikin ɗari a sayayya ta gaba. Ban yarda akwai wanda ya kalli bidiyon ba. Rigar kuwa da na duba daga baya tana nan a shafinsu, an canza mata launi kawai.

Na tashi zan tafi, ta ce in zauna, tana so ta gani. Na roƙe ta ta bari, ta ƙi. Ta sa tabarau, ta jingine wayar a jikin kwanon sukari, muka kalla tare. Ya faɗi sunansa. Ya shiga. Ya ja sau ɗaya, ya ja sau biyu. Da aka zo inda ya tsaya yana kallona, ta sa yatsa ta tsayar da hoton. Ta daɗe tana duban fuskarsa.

"Ga shi nan," ta ce. "Nan ne yake kiranki."

"Bai ce komai ba, Orvokki. Na rantse miki bai ce komai ba."

"Na sani. Shekara arba'in da ɗaya ina tare da shi, bai taɓa nema da baki ba. Haka yake yi." Ta cire tabarau ta goge da gefen rigarta. "Ba laifinki ba ne. Ke ba ki san fuskar ba. Ni na san ta, ni kuma na ce ba zan je ba."

Ta ɗauke yatsanta, bidiyon ya ci gaba. Na dubi lambobin da ke ƙasan hoton. Daga wurin da ta tsayar zuwa inda na yar da wayar, saura minti ɗaya da daƙiƙa hamsin, kuma muka zauna muka kalle su duka.