Ramar Fadama da Mijinta Ruwa

A ƙauyenmu na gefen Bunkure, in sanyi ya shigo, kakarmu Iya takan hura wuta da karan dawa bayan isha'i, mu kewaye ta. Hannunta ba ya zama banza. Kullum tana tufka igiya a cinyarta da ɓawon ramar fadama, wata ramar daji mai babban fure da ke fitowa da kanta a bakin ruwa. Ni take fara tsokana: "Kai mijin banza, ko goro ba ka kawo min ba, amma kai ne a gaba wajen tatsuniya! To ga ta nan, ku tara kunne."

Wai Ruwa ne ya nemi Rama da aure. Ta ce ta yarda, amma da sharaɗi: ya zo da damina, ya tafi da kaka, don sai ƙasa ta bushe ta tsage 'ya'yanta suke samun kwanciya a ciki. Suna nan lafiya, sai wata shekara daɗin gida ya kama Ruwa, ya ƙi tafiya. 'Ya'yan suka ruɓe kaf. Nan Iya takan tofa wa igiyarta yawu ta ce, "Miji ma in ya cika zaman gida, gundura yake. Ƙurunƙus, kowa ya nemi tabarmarsa."

Mu dai dariya muke yi. Sai yanzu da nake noman shinkafa a wannan fadamar na gane ba zancen aure Iya take yi ba. Ruwan kanal da aka jawo mana don ban-ruwa ba ya ɗaukewa rani da damina, kuma wallahi da shi muke ci, wa zai ce a rufe? Inda ruwa bai kai ba, feshin maganin ciyawa ya kai. Ramar ta ɓace. Na yi cigiyarta har Madobi, tsofaffi kaɗai suka gane abin da nake nufi.

Iya ta rasu ta bar irin ramar a ƙullin tsumma. Na shuka a bakin gona, ya ruɓe. Na shuka a bayan gida, ya tsiro ya yi yaushi tun bai yi fure ba. Abin da ya rage bai cika cokali ba, ga ƙwari sun fara huda shi. In shuka tsoro, in ajiye tsoro. Abin yana ci min rai.

Jiya na yi wa 'yata Hafsatu tatsuniyar. Ta ce, "Baba, furen wane kala ne?" Na duba zanen uwarta, na duba kwanuka, ban ga mai kama da shi ba. Na ce ta bari sai ya fito.