Abin da Muka Kira Kunya

A makarantar 'yan mishan inda na yi karatu, lokacin da garin nan yake amsa tsohon sunansa, an hore mu da kiran kowane abu da ainihin sunansa. Da wannan horon na koyar da 'yan mata shekaru masu yawa, da shi kuma zan rubuta labarin wata tsohuwar ɗalibata, wadda yanzu take zaune a gidana a unguwar Milezi, tana jiran mahaifiyarta ta karɓe ta.

'Yar gidan 'yan kasuwa ce a unguwar Mardjandafak, irin namu da kakanni suka taso daga yamma da niyyar Makka, tafiya ta tsaya musu a nan, suka zauna. Mahaifiyarta ƙawata ce tun ƙuruciya. Ina ce mata Hajiya, tana ce mini Malama. Yarinyar ita ce 'yarta ta fari. Da ta yi aure ta sami ciki, aka dawo da ita gida goyon ciki, ta haifi namiji lafiyayye.

Kowa ya san kunyar ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Mu a garin nan mun riƙe wannan da ƙarfi, domin muna ganin yana cikin ɗan abin da ya rage mana daga ƙasar kakanni. Saboda haka ranar da na je barka, na tarar da ɗaki cike da mata suna yabon mai jego. Ba ta ko kallon jaririn, sai an matsa mata take ba shi nono, tana yi tana kawar da kai. Wata gwaggonta ta dube ni tana dariya, ta ce, “Malama, ashe ba ki lalata mana ita a lakwal, makarantar nan taku ta boko, ba. Ga kunya irin ta mutanen da.”

Ban yi dariya ba. Ni ma na yi haihuwar fari, na san kunya abu ce da ake yi domin idon mutane. Da zarar sun juya baya, uwa takan saci kallon ɗanta. Wannan yarinyar ƙofa take kallo. Idanunta sun faɗa don rashin barci, kuma idan jaririn ya yi kuka, sai ta dafe kunnuwa. Da matan suka fita cin abinci, ta kama hannuna, ta yi mini magana da Faransanci ƙasa-ƙasa, kamar yadda take yi a aji in tana tsoron kuskure. Ta ce akwai masu zuwa su ɗauke shi su azabtar da shi, tana jin muryoyinsu a bayan katanga, kuma ita kaɗai ce za ta iya tserar da shi.

Na sami Hajiya a bakin murhu tana tafasa ruwan wankan jego, na faɗa mata abin da na ji, ban rage kalma ba. Ta ce ni komai sai in ce asibiti. Ta ce ita ma haka ta yi lokacin da ta haifi yarinyar, ga ta nan ta girma har ta haihu. Na je Ngueli, bakin iyaka, inda mijin yake karɓar kayansa daga garin Kusri. Ya saurare ni da ladabi, ya yi alkawarin kai ta wurin likita da zarar ta yi arba'in, tunda mai jego ba ta fita. Kafin nan aka yi mata hayaƙi, aka ba ta rubutu ta sha. Abu ɗaya na samu suka amince da shi, cewa kada a bar ta ita kaɗai da jaririn. Sun kiyaye na wani lokaci. Wata safiya ruwa ya ƙare, Hajiya ta fita neman mai turo shi, da ta dawo yaron ba ya numfashi. Uwar tana zaune a natse, ta ce yanzu ba wanda zai taɓa shi.

Hukuma ta ɗauke ta, likitoci suka duba ta, aka yanke cewa magani za a yi mata. Likitar da ta kula da ita ta bayyana mini cewa ciwo ne sananne da kan kama hankalin wasu mata bayan haihuwa, yana da magani, kuma ba ya jiran arba'in. A unguwa kuwa, matan da suka yi yabon su ne suka koma kiranta majnuna, wato mahaukaciya, wasu har suna rantsuwa cewa tun tana ƙarama ba su ga tausayi a fuskarta ba. Mijin ya sake ta.

Na riƙa kai mata ziyara. Ni mace ce mai tsanani, ban taɓa yarda da uzuri a bakin ɗaliba ba, kuma ban daina cewa an kashe rai ba. Amma na ga abin da ban taɓa karantawa ba: lokacin da ya fi mata tsanani shi ne lokacin da magani ya fara aiki, hankalinta ya dawo ya tarar da abin da hannunta ya aikata. Mai ƙin ɗanta ba ta yin irin kukan da na ji. Tsoro ne ya cika ta har ya juya mata soyayya, ta ga halaka kamar ceto. Wanda bai zauna kusa da ita a watannin nan ba, ba na karɓar hukuncinsa.

Bayan shekaru aka sallame ta. Hajiya ta aiko cewa gidan ya cika, babu ɗaki. Na kawo ta wurina. Sai ga Hajiya ta fara zuwa duk Juma'a da kwanon abinci, ta zauna a tsakar gida, ba ta kallon ɗakin 'yarta. Takan ce mini in gaya wa waccan ta ci, alhali waccan tana jin ta. Na kasa gane ko tsohuwar kunya ce, ko ƙi. Ran nan na tambaye ta kai tsaye. Ta daɗe tana juya carbinta.

“Malama,” ta ce, “in mugunta ce, laifinta ne ita kaɗai. In kuwa ciwo ne, to ni na zauna ina yabon ciwo, ina dafa ruwa.”

Na ce mata ciwo ne, kuma ɗaki guda na mata ne suka yi yabon tare da ita. Ban ƙara mata da lallashi ba, domin ba ni da shi. Da za ta tafi ta tambayi lokutan shan maganin, da alamun da ya kamata a lura da su. Na faɗa mata, na sa ta maimaita har sai da ta faɗe su daidai.

Juma'ar da ta wuce ba ta zo da kwano ba. Ta tsaya a bakin ƙofa, taksi yana jira, ta ce in gaya wa waccan ta sako mayafinta, za ta wuni a gida. Kafin magariba aka dawo da ita. Ta ce mini uwarta ba ta yi mata magana ba, sai dai ta zaunar da ita a gabanta, ta tsefe mata kai, ta yi mata kitso. Na duba. Idon Hajiya ya yi rauni, layukan duk sun karkace. Na ce ta bar shi haka, kada ta tsefe.